Ɓargon Auta

"Miƙo ɗaya hannun, Baba," in ji ma'aikaciyar jinya. Ta rasa jijiya a hannun tela, wanda ya yi tabo baƙi-baƙi kamar an yi masa duka.

Maƙwabcinsa mai shago yana tsaye riƙe da takalmansa. Likita ya riga ya yi musu bayani: ɓargon da ke cikin ƙashi shi ke samar da jini, na tela kuwa ya daina. Ƙarin jini jinkiri ne kawai. Magani shi ne a ɗebi ɓargon ɗan'uwa, idan ya dace, a dasa masa.

"Wato ma'aikatan ƙashina sun tafi yajin aiki," in ji tela.

Ɗan'uwa ɗaya gare shi, Auta, wanda ya rena ya kuma koya wa ɗinki. An gwada Auta, ya dawo yana sharɓar kuka.

"Yaya, wai bai dace ba. Wallahi ko ƙafata ce da na bayar."

"Bar ƙafarka, da ita kake taka keken ɗinki."

Ana nan, likita ya tare mai shago a baranda, yana zaton dangi ne. "Ina ƙanin nan? Ɓargonsa ya dace, ya ce zai je ya yi shawara."

Mai shago ya tarar da Auta yana guga, ya faɗa masa abin da likita ya ce.

"An ce wanda aka huda wa ƙashi ba ya sake miƙewa. Ina da yara, Kawu," in ji Auta.

"Likita ya ce ɓargon yana mayar da kansa."

"Shi likitan ya taɓa ba da nasa?"

Mai shago ya koma asibiti yana juya yadda zai faɗa, amma tela ya hutar da shi.

"Na sani. Tun yana ƙarami, in zai yi ƙarya, kukan yakan fi laifin yawa." Ya juya fuska ga bango. "Na ɗauka dai da girma ya bari."

Zazzaɓi ne ya ƙarasa tela, da hantsi. Duk gidan babu wanda ya kai Auta kuka. Da ya gama, ya nemo mota ya ɗauki keken ɗinkin yayansa, don kada ya yi tsatsa.

Mai shago ya leƙa ɗakin tela. A ƙasa, cikin ƙura, sawun ƙafafun keken ne kawai, tas da su.