Tambayoyin Malama Rahila

Modibbo ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar makarantar, ya tsaya yana kallon ajin da ya fi kowane hayaniya. Ba sai an gaya masa ba, nan ne ajin 'yarsa Bashira. A sauran azuzuwan muryar malami ce kawai ke fita, yara su amsa gaba ɗaya kamar masu cewa amin. Wannan kuwa sai ka ce ranar kasuwa.

Ba hayaniyar ce ta kawo shi ba. Tambayoyi ne suka taso shi daga rugarsu ta hanyar Rijau, ya bar shanu a hannun ƙannensa. Tun da aka ba ajin sabuwar malama mai suna Rahila, yarinyar ba ta dawowa gida sai da tambaya a baki. Da farko ta tambayi uwarta ludayi nawa ke cika ƙwaryar nono, aka yi dariya aka gaya mata. Daga nan sai sunayen ciyayin da shanu suka fi so. Jiya kuwa yana ɗaure maruƙa ta tsaya a kansa, wai Malama ta ce ta zo da bayanin hanyar da ta tashi daga rugarsu zuwa mashayar shanu. Igiyar ta kuɓuce daga hannunsa.

A ƙasar nan, a shekarun nan, ba a tambayar makiyayi mashayar shanunsa don daɗin hira. Bara aka kore garken yayansa a wajen Sahon Rami, a bakin rafi, daidai lokacin da suka saba zuwa. Kowa kuwa ya san ɓarayin daji ba bokaye ba ne, gaya musu ake yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Ya samu hedimasta, Malam Ladan, a ofis yana fifita da kwali. Mutum ne da ya riƙe manhaja kamar daga sama aka sauko masa da ita. Suna gama gaisawa, jin sunan Rahila kawai ya sa ya ajiye kwalin ya gyara zama.

“Modibbo, ai ni ka samu mai ciwon. Manhaja ta tsara komai, wannan mako lissafi kaza, wancan mako labarin ƙasa kaza. Ita kuwa tun da ta je wata bita a Minna ta dawo tana ce mini wai daga yaro ake farawa, ba daga littafi ba. Wai abin da ya sani za a fara tambayarsa. To in ya sani, me ya kawo shi makaranta? Ranar jarrabawa ludayi za a tambaye su?”

“Ni dai ban san boko ba, Malam,” in ji Modibbo. “Abin da na sani, yarinyar nan an ce ta faɗi inda dabbobinmu ke shan ruwa.” Bai kama sunanta ba, 'yar fari ce. Ya rage murya. “Ban ce ga abin da take yi ba. Amma ka san yadda infoma suke aiki.”

Malam Ladan ya zaro ido. Faɗuwa ta zo masa daidai da zama, don ya daɗe yana neman dalilin da zai sa a ɗauke masa ita, hayaniya kuwa ba laifi ba ce a ofishin ilimi. Kafin Modibbo ya ankara, ya ɗauki waya ya kira kwamandan 'yan sa-kai na unguwar, ya ce ana zargin akwai infoma a makaranta, su zo.

“Malam, ban ce a kira kowa ba!”

“Maganar tsaro ce, ba ta wasa ba. Tambaya kawai za su yi.”

Modibbo ya san irin tambayarsu. Ya ga waɗanda aka tambaya sun dawo ba sa iya miƙe baya, ya kuma san waɗanda ba su dawo ba. Ya fita ya nufi ajin, domin in har bakinsa zai sa a tafi da mutum, gara ya ga fuskar mutumin tukuna.

Ya laɓe a gefen taga. An tura bencina jikin bango, yara sun yi rukuni-rukuni a ƙasa. Wasu na auna yashi da murfin kwalba, wasu na jera tsakuwa. A gaban allo kuwa Bashira ce tsaye, yarinyar da a gida in baƙo ya shigo sai ta ɓuya bayan uwarta. Ta riƙe ƙwarya tana nuna wa 'ya'yan birni yadda rabin rabi ke zama kwata, ta kuma tsawata wa wata Magdalena da ta cika ludayi har ya zuba. Daɗi ya kama shi, sai kuma ya ji haushin daɗin. Ai mai kama kaza ma sai ya watsa mata tsaba.

Malamar ta hango shi ta fito. Siririya ce, hannunta duk alli, Hausarta da karin mutanen Rijau. Ta rusuna.

“Sannu da zuwa, Baba. Baban Bashira ne, ko? Kamarku ta yi yawa.”

Bai amsa gaisuwar yadda ya kamata ba. “Me za ki yi da mashayar shanuna?”

“Darasin taswira ne, Baba. Littafi ya ce yaro ya zana hanya daga gidansu zuwa gidan waya. Rabin ajin nan ba su taɓa ganin gidan waya ba. Sai na ce kowa ya zana hanyar da ƙafarsa ta sani. 'Ya'yan manoma gona, 'ya'yan 'yan kasuwa rumfa, ita kuma...”

“Wato gonar kowa da rumbun kowa da garken kowa, duk suna hannunki.”

Ya ga lokacin da ta gane. Allin ya faɗi daga hannunta, ta dafa bango.

“Wayyo Allah. Baba, ban yi wannan tunanin ba. Na rantse da Allah ban yi ba. Ka gaya wa wani?”

“Na gaya wa hedimasta.”

“Shi kuma?”

Modibbo ya sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba, ta dai waiga wajen ƙofar makaranta.

Ya zuba mata ido yana neman ƙarya. Mai gaskiya zai firgita haka, marar gaskiya ma zai firgita haka, to ta ina mutum zai gane? Abin da ya dame shi shi ne ya san wannan fuskar. Ita yake yi duk ranar da ya shigo kasuwar Kontagora ya ga mutane sun bar ciniki suna kallon sandarsa.

Ƙarar babura ta katse masa tunani. Suka shigo harabar da ƙura, mutane cikin jajayen riguna, bindigogin toka rataye a kafaɗa. Yara suka yi tsit, suka cika tagogi. Kwamandan, wani gajere mai kaurin wuya, ya sauko ya ƙare wa wurin kallo. Idonsa ya wuce malamar kamar ba ta nan, ya wuce Malam Ladan da ke tahowa da sauri, ya sauka a kan mai rawani da sanda.

“Wannan ne?”

Biyu daga cikinsu har sun zagayo bayansa. Malam Ladan ya ɗaga hannu, da alama sai yanzu ya ga girman abin da ya tono.

“A'a, ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Shi ne ma ya kawo maganar. Wadda ake...”

Yatsa ɗaya kawai Modibbo zai miƙa, ya hau kekensa ya koma wa shanunsa. Ta taga ya hango Bashira, ƙwaryar na hannunta har yanzu, tana kallonsa tana kallon malamarta.

“Babu wadda ake,” ya katse hedimasta. “Ni na kawo magana, ban auna ta ba. Tsoro ne ya sa ni. Babu infoma a nan.”

Kwamandan ya yi wata dariya marar daɗi. “Ka tara mu, sannan ka ce babu? Wa kake rufa wa asiri? Zo mu je ofis ka yi mana bayani.”

Malama Rahila ta yi taku ɗaya gaba. Modibbo ya juyo ya dube ta da kallon da ya mayar da ita inda take.

“Malama, koma ajinki,” ya ce. “Ki tambayi yarinyar nono, ki tambaye ta ciyawa, ki tambaye ta duk abin da ta sani. Hanya kuwa, ki bar musu gidan wayarsu.”

Suka karɓe sandar, suka sa shi a tsakiya a kan babur. Har suka fita ƙofar makarantar bai tabbata ya yarda da malamar ba.