Takalmin da Ya Rage a Tsakar Aji

"Yalla ya banat, kowa ta cire takalminta."

Zubaidatu ta tafa hannu sau biyu. 'Yan matan aji huɗu, su ashirin da biyu, suka sunkuya suna ƙus-ƙus, suna dariyar safar juna. Ta nuna musu tsakar ajin, inda ta ture tebura gefe tun da safe. Nan da nan baƙaƙen takalman makaranta, duk iri ɗaya, suka taru suka yi tsibi.

A can baya Ustaza Hind, shugabar makarantar, na zaune ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, waya a hannu. Ba yawo ya kawo ta ba. Baturiyar da ke riƙe da ajin ta tafi ƙasarsu haihuwa, ta aiko cewa ba za ta dawo ba, kuma da darasin yau za a yanke ko Zubaidatu za ta gaji ajin. Shekara goma sha ɗaya tana mataimakiyar malama a wannan makarantar ta 'ya'yan masu hali a arewacin Jidda. Ita ce share hanci, ita ce ɗaure igiyar takalmi, ita ce kuma koya wa kowace sabuwar malama aikin da za ta zo ta shugabance ta a kai. A Jidda aka haife ta, a nan aka haifi ubanta, amma har gobe iƙama, takardar zaman baƙi, take sabuntawa, makarantar ce kafilinta, wato mai tsaya mata a wurin hukuma.

Darasin ma ba don an so ta aka bar mata shi ba. Yana cikin manhajar waje da makarantar ke bi, a ƙarshen Janairu: tunawa da kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawan Turai. Sauran malamai kowa ta zame, wai iyaye za su yi magana. Zubaidatu ta ce a ba ta. Mako uku tana karatu, tana kuka ita kaɗai a kicin ɗinta na unguwar Kurayyat, domin ba ta taɓa sanin abin ya kai haka ba.

Ta kashe fitila, ta haska hoto a allo.

"Me kuke gani?"

"Bola," in ji wata.

"Ku ƙara dubawa."

Takalma ne tari guda bayan gilashi, sun dushe, sun lanƙwashe. A gaba akwai wani ɗan ƙarami mai maɗauri, wanda ba zai wuce tafin hannu ba.

"A wani sansani ne a ƙasar Poland," in ji Zubaidatu. "An kwaso mutane daga gidajensu a jiragen ƙasa, aka ce su tuɓe takalma, za su yi wanka. Ba su dawo sun ɗauka ba. Mutum miliyan shida aka kashe a waɗannan shekarun, miliyan ɗaya da rabi yara ne kamarku. Ba su saci na kowa ba, ba su zagi kowa ba. An dai ce irinsu ba mutane ba ne, maƙwabta kuma suka yi shiru."

Wata yarinya mai suna Shahad ta ɗaga hannu.

"Abla, to yaran Gaza fa?"

Ustaza Hind ta ɗago kai daga wayarta. Zubaidatu dama ta san tambayar za ta zo.

"Su ma yara ne, habibti, su ma da sunayensu. Wanda ya iya yi wa wannan yaron kuka, shi ne zai iya yi wa wancan. Zuciya ba ta tambayar fasfo."

Ustaza Hind ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Daɗi ya kama Zubaidatu har ta ji kunyar kanta, ga hoton yaran mutane a allo.

"Yanzu ku dubi namu tsibin. Daga nesa duk ɗaya ne, ko? To kowane takalmi da mai shi, kowane mai shi da sunansa. Zan ɗauka in kira suna, mai shi ta zo ta karɓa, mu kuma mu ce mata: mun gan ki."

Dabarar tata ce, ba ta littafi ba. A makarantar kowa na tuɓe takalmi a ƙofar masallaci lokacin azahar, kuma da yake duk iri ɗaya ne, doka ce a rubuta suna a ciki. A gidajen yaran 'yan aiki ne ke rubutawa, da alƙalamin da ba ya gogewa.

"Joud."

"Mun gan ki," ajin ya amsa.

"Maha."

"Mun gan ki."

Abin ya yi kyau fiye da yadda ta zata. Dariya ta ɗauke. Yara na zuwa a hankali, suna karɓa da hannu biyu. Shahad har da share hawaye. Tsibin ya yi ta raguwa, ita kuwa tana kiran suna tana satar kallon bayan aji, har ya rage saura na mutum ɗaya a kan tayil. Ta ɗauka ta leƙa ciki, ba rubutu, sai wani shuɗin tabo da gumi ya cinye. Ta ɗaga harshen takalmin. Ga suna nan raɗau da baƙin alƙalami.

"Lama."

Ba wanda ya motsa.

"Lama?"

"Abla, ai na karɓi nawa." Lama ta miƙo ƙafa ta nuna. Sai ta matso ta leƙa, fuskarta ta washe. "Wallah nawa ne! Na bara ne! Ga rubutun shaggalarmu nan. Mama ta ba ta su da tsofaffin kayana, ta ce ta kai wa masakin."

Shaggala ita ce 'yar aiki. Masakin kuwa ba ya bukatar fassara.

Sai a lokacin Zubaidatu ta ɗaga ido ta duba ƙafafun ajin. Yarinya ɗaya ce tsaye da safa, a jikin bango, baƙa ɗaya tilo a cikinsu. Mubina ce, 'yarta, wadda ke karatu a nan saboda uwarta ma'aikaciya ce.

Ita ta sayi takalmin da hannunta a farkon zango, a Haraj, babbar kasuwar gwanjo ta kudancin gari. Ta yi awa biyu tana tona buhu kafin ta same shi, na ainihi, irin na sauran yara sak, ba jabun da ke ɓarewa a wata ɗaya ba. Ta wanke, ta goge, ta rubuta Mubina a ciki da biro, ta sa shi a leda mai kyau ta ce daga kanti yake. Ba ta taɓa ɗaga harshensa ba. Duk don kada a bambanta 'yarta da kowa. Garin neman gira ke nan.

Wata ta ƙyalƙyale. Wata ta rufe baki. Daga gefen taga aka ce, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji, "Takruniyya mai kayan bola."

Kalmar ba baƙuwa ba ce, da ita ake goranta wa baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka a garin. Da ita aka kira Zubaidatu a makarantar firamare, da irinta aka kira kakanta da ya tako daga ƙasar Haɗeja ya zo aikin Hajji bai koma ba. Abin da ya kamata ta yi a fili yake, ita ma ta sani. Ta ajiye takalmin, ta tambayi wa ya faɗi wannan maganar, ta ce ga ainihin abin da muke magana a kai, da irin wannan kalmar ake farawa. Ko ta kama hannun 'yarta su fice. Mubina na kallonta, ba ta kuka, jira kawai take.

A bayan Mubina kuma Ustaza Hind ta saita waya za ta ɗauki hoto.

Zubaidatu ta ji bakinta ya yi murmushi, irin wanda shekara goma sha ɗaya suka koya masa.

"Mashallah! Kun gani, ya banat? Takalmi ɗaya, yara biyu. Abin da Lama ta gama da shi ya amfani 'yar'uwarta. Wannan shi ne tausayi. Lama, zo ki miƙa mata da hannunki."

Lama ba muguwar yarinya ba ce. Ta karɓa da murna, ta je ta durƙusa ta ajiye a gaban Mubina, har ta ƙara da cewa, "Ina da wasu ma a gida, in kina so."

"Me za mu ce wa Mubina?"

"Mun gan ki," ajin ya amsa, ana danne dariya.

Mubina ta zura ƙafafunta ciki ba tare da ta sunkuya ba, ta take bayan takalmin. Aka kaɗa ƙararrawa.

Bayan an tashi aka kira Zubaidatu ofis. Mubina ta zauna a bencin da ke bakin ƙofa, inda ta saba jiran uwarta kullum. Ƙofar ba ta rufu duka ba.

"Mabruk, ya Zubaida," in ji Ustaza Hind tun kafin ta zauna. "Halas, ajin naki ne. Gobe ki zo mu gyara takardu."

"Allah ya ƙara girma, Ustaza."

"Wallahi na ga darussa, ban ga irin wannan ba. Yadda kika amsa maganar Gaza, ko ni ba zan iya ba. Amma ƙarshen nan!" Ta juyo da wayar. Hoton Lama ne a durƙushe tana murmushi, haske a fuskarta, Mubina kuma kai a ƙasa. "Za mu sa a shafin makaranta. Lama za ta samu takardar yabo ta tausayi ranar Alhamis. Faɗa mini gaskiya, yaushe kuka shirya da maman Lama?"

Zubaidatu ta buɗe baki.

"Ai ni na gane," Ustaza Hind ta ci gaba tana dariya. "Ki bar shi ya zama na ƙarshe, ki yi kamar ba ki sani ba. Kuma da 'yar cikinki! Ba kowace uwa za ta iya ba. Wannan tunanin ne ya sa na ce ke ce malamar, ba wai iya magana ba."

Kalma ɗaya ce, a'a. Tana nan a kan harshenta. Amma in kuskure ne, to ita mataimakiya ce da ba ta duba kayan aikinta ba, wadda aka zagi yarinya a ajinta ta yi kamar ba ta ji ba. In shiri ne, ita malama ce.

"Allah ne ya taimaka, Ustaza," ta ce.

"Mako mai zuwa ki maimaita wa aji biyar da aji shida. Ki aro Lama da yarinyar. Wurin takalmin nan kada ki taɓa shi, shi ne ran darasin."

"Hadir, an gama."

Da ta fito, Mubina na zaune da jakarta a cinya. Ta miƙe ta bi bayanta, takalmin na ja da ƙasa.

Ƙaramar motar da ke kwasar ma'aikatan kudu ta cika da masu shara da masu kicin, kowa ta gaji. Suka samu kujerar baya. Gilasan manyan kantuna suka wuce, gadoji suka wuce, aka fara shiga unguwannin gajerun gidaje da filayen da aka rushe. Zubaidatu ta ciro ragowar burodin tamis daga jaka ta miƙa. Yarinyar ba ta karɓa ba.

Mubina na jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar sauran sa'o'inta. Yau da Hausa ta yi magana, Hausarta mai tuntuɓe, don kada matan motar su ji.

"Da gangan kika yi?"

"Wallahi, Mubina, wallahil azim ban sani ba. Ban taɓa ganin sunan nan ba sai yau."

"Kin ce daga kanti."

"Na yi ƙarya. Ki yafe mini."

"To Ustaza ta ce kin shirya. Me ya sa ba ki ce a'a ba?"

Zubaidatu ta so ta yi mata bayanin iƙama, da kafili, da shekara goma sha ɗaya, da yadda kujerar Mubina ita kanta ke rataye a jikin wannan aikin. Duk gaskiya ne. Ta duba a ciki ba ta ga wanda za ta iya faɗa wa yarinya 'yar shekara tara da ta tsaya da safa a gaban mutane ba. Baƙin ciki ya kama ta, na kanta, ba na Ustaza Hind ba, ba na yarinyar bakin taga ba.

"Gobe za mu je kanti," ta ce. "Na gaske. Ke za ki zaɓa."

Mubina ta juya tana kallon titi. Motar ta tsaya a Sa'alaba, mata uku suka sauka, aka ci gaba. A makaranta dole ta kira uwarta Abla, wato malama, kamar kowa, amma da sun haye motar nan sai ta koma Ummi, wani lokaci tun ƙafarta ɗaya na waje.

Sai da suka shiga layinsu ta sake magana, a natse, da Larabcin aji.

"Abla, in mun sayi sabon, kada a yar da wannan. Mako mai zuwa za ki bukace shi."