Babban Yatsan Gwaggo

"Sake dannawa, Iya," in ji ma'aikacin ofishin tallafi.

Gwaggo ta sake ɗora babban yatsanta a kan ɗan gilashin. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo jar wuta. Ya gwada na hagu, ya gwada manuni, har ɗan ƙaramin bai bari ba, duk ja. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na baro keken ɗinki da kayan mutane, ga layin tsofaffi a bayanmu sai tsaki suke yi.

"Yallaɓai, ga ta fa a gabanka," na ce. "Sunanta ya fito cikin masu tallafin tsofaffi. Me kuma ya rage?"

Ya juya hannunta ya duba. "Zanen yatsun ya goge. Wace sana'a take yi?"

"Wankau," in ji Gwaggo. "Tun ba a haife ka ba."

"To sabulu ne ya cinye shi. Ta huta da ruwa, ta riƙa shafa mai. In ya dawo ku zo."

Katanga ɗaya ta raba ni da Gwaggo, ba ta da ɗa ba ta da jika, sai wani tari da ya kama ta ya ƙi saki. Tallafin nan shi ne maganinta, shi ne kuma zai raba ta da ruwan sanyi. Muna komawa na ɗauke bahonta na tura ƙarƙashin gadona, na ce abinci a kaina.

Ashe zama shi ne wahalar. Ta shiga ɗaki, ta fito tsakar gida, ta ninke zanin da ta riga ta ninke, ta tsaya tana kallon igiyar shanya. Ran nan na leƙa na same ta tsugune, ta tsoma labulen ƙofarta a tukunyar girki, kumfa har gwiwar hannu.

"Haba Gwaggo! So kike ki kashe ni?"

"'Yar nan, hannun ne ba ya jin magana."

Muka koma ofis, aka sake samun ja.

Abin da na kasa, tari ya yi: ya kwantar da ita. Kullum da safe sai in shafa mata mai, in ɗaga yatsan wajen hasken taga ina ƙura ido, ita kuma tana yi mini tsiya.

"Ko mai neman aurena bai riƙe hannun nan haka ba."

Na ji ana kai wa marasa lafiya na'urar har gida. Na yi ta safa da marwa, yau a ce mai ita ya fita, gobe a ce tana caji. Sai da suka gaji da ganina ma'aikacin ya ce zai zo da kansa.

Ya kuwa zo, a kan babur, jaka rataye a kafaɗa. Ya tarar da takalma jibge a ƙofar gida.

"Ina Iya?"

"Jiya aka kai ta," na ce.

Ya cire hula, ya rasa inda zai ajiye jakar.

Da mutane suka watse na shiga kwashe kwanuka. Kofin gilashin da ta sha ruwa na ƙarshe yana kan taga. Na ɗaga shi zan jefa a baho, sai na tsaya. A jikinsa akwai shatin babban yatsa na mai, layi bayan layi, ko ɗaya bai goge ba.

Na mayar da shi inda yake.