Ruwan Wanke Fuskar Zulaiha

Ƙurajen Zulaiha sun fara ne bayan an gama girbi. Ita ce 'yata ta fari, shekararta sha shida, tana lekol, makarantar kwaleji, a nan Matameye. Da farko biyu ne a goshi, kafin wata guda sun cika kumatu da haɓa. Ƙanwarta Anisa kuwa bakinta ba ya hutawa.

"Yaya, yau ma bayan kwaɗo kika aro za ki tafi da shi lekol?"

Zulaiha ta jefe ta da takalmi, ta ja hijabi har bisa hanci.

Ta ce in sayo mata man kwalba irin wanda 'yan ajinsu ke shafawa. Na ce a'a. Na ga masu shafa shi a kasuwa, kumatu ja, wuya baƙi. Abin da Allah ya tsirar mana a ƙofar gida ya ishe mu. Ni ma da ganyen darbejiya uwata ta wanke mini tawa fuskar, ga ta nan lafiya lau.

Na tsinko ganye cike da kwando, na dafa, na tace da tsohon mayafi, na narka sabulun salo kaɗan a ciki, na matsa lemun tsami biyu. Ba ni da lokacin hura wuta kullum don kofi ɗaya, sai na dafa na mako guda. Saura wurin zubawa. A bayan rumbu na ga wani ƙaramin bido rawaya, 'yar jarkar roba, murfinsa da kyau. Mu kuwa a gidan nan ba a yar da abu mai murfi. Babansu, Malam Sa'adu, ya tafi cin rani Kano, ba wanda zan tambaya. Na wanke shi da toka sau uku, har takardar jikinsa ta jiƙe ta saɓule. Wani ɗan wari ya rage, kamar na kananzir. Na zuba ruwan da zafinsa, na ce ɗacin darbejiya zai cinye warin.

Safe da yamma Zulaiha ta tsuguna a bakin makwarara, ta yi bisimilla, ta wanke fuska.

"Inna, yana zafi fa."

"Magani ne. Da kin so mai daɗi ai sai in dama miki fura ki shafa."

Rana ta uku fuskar ta yi ja, fatar gefen hanci ta fara saɓa. Ta ce kanta na ciwo, yawu na cika mata baki. Na duba na ce dattin ne yake fita. Haka muka taso muna ji, in magani ya kama aiki sai ciwo ya ƙara tashi tukuna. Don a gama da wuri ma na ƙara mata na uku, bayan azahar.

Rana ta biyar na fito shara na tarar da kajina biyu a mace a bakin makwarara, ƙafafu a miƙe, kumfa a baki. Na kira maƙwabciyata Gambo ta kan katanga.

"Gambo, kajinki lafiya?"

"Lafiyarsu lau, sun ma cinye mini tsakin da na shanya. Me ya faru?"

Na nuna mata. Ta ce, "Cutar kaji ce, lokacinta ne. Ki binne su da nisa, kar ki jawo mini."

Na binne su. Amma duk yinin ranar in na wuce wurin sai in ji gabana ya faɗi, ban san dalili ba. Ko ƙuda ba ya sauka a danshin wurin.

Da yamma ruwan ya shiga idon Zulaiha na hagu. Ta yi ƙara, na ɗauraye mata da ruwan randa, na tofa mata addu'a. Washegari ta tafi lekol, kafin hantsi ya yi zafi ta dawo. Ta ce ba ta ganin rubutun allo. Idon ya yi jawur, hawaye na zuba shi kaɗai. Anisa ta buɗe baki za ta yi tsiyarta, ta kalle ta, ta rufe.

A lokacin ne waya ta yi ƙara. Malam ne. Ya tambayi awaki, ya tambayi gero, sannan ya ce, "Af, Hafsatu, ki hana yara zuwa bayan rumbu. Na manta ban binne bidon feshin wake ba."

"Wane bido?"

"Rawayan nan mana. Da saura a gindinsa, ya daskare. Mai ƙarfi ne, ko da hannu ba a taɓa shi. Hafsatu? Kina ji na?"

Ina jin sa. Bidon yana gabana a gindin turmi, saura kaɗan a ciki.

Na ajiye wayar. Na sa bidon a leda, na yafa mayafi, na tare kabu-kabu, muka hau ni da Zulaiha zuwa asibiti.

Majo, babban malamin asibitin, ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya ja baya da sauri. Ya sa safar hannu. Suka kwantar da ita, suka dinga zuba mata ruwan leda a ido, suka yi mata allura.

"Kwana nawa take wanke fuska da shi?"

"Shida."

"Sau nawa a rana?"

"Uku."

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya zaunar da ita, ya rufe mata idon dama da tafin hannunsa, ya ɗaga ɗayan hannun.

"Yarinya, yatsu nawa?"

Zulaiha ta ɗan yi murmushi. "Ai sai ka ɗaga tukuna."

Huɗu ya ɗaga. Ni ina ganinsu.

Ya rubuta takarda ya miƙo mini. Ya ce Damagaram, wurin likitan ido, yau ba gobe ba.

Muka je tasha. Motar Damagaram na nan tsaye, ba ta cika ba. Na sa Zulaiha a gefen taga, na zauna kusa da ita ina jan carbi, bakina na motsi amma ban san me nake karantawa ba. Rana tsaka ce, sama fes, ko gajimare ɗaya babu.

Ta ɗaga kai ta leƙa waje da idon daman.

"Inna, hadari ne ya taso? Na ga gari ya yi duhu."

Na ce, "Rufe idanunki ki huta, yanzu za mu tashi."

Na riƙe hannunta, ya jiƙe da gumi. Direba yana can ƙarƙashin rumfa yana shan rake, yana kira a hankali, "Damagaram, mutum biyu. Damagaram, mutum biyu."