Kwanon Wanke Hannu na Inna Hajjo

Sau biyu taifot ya kwantar da 'yata Maijidda cikin shekara guda, kuma duk sau biyun ban tsaya bincike ba na ɗora laifin a kan dangin mijina na Bungudu. Na ce ruwan gulbinsu ne. Na faɗa a gaban mijin nawa Mahadi, na faɗa a bayan idonsa, har na hana yarinyar zuwa sunan ɗan ƙanwarsa. Shi mutum ne mai haƙuri, ya bar ni da bakina.

A kwanciya ta biyu, a wani asibiti a Gusau, likita ya zaunar da ni. Shekarar Maijidda biyar lokacin, ta rame har awarwaronta yana zamewa daga hannu. Ya ce ciwon nan ta baki yake shiga, daga hannu ko ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, ko da ido bai gani ba. Ya ce wani yakan yi ciwon ya warke sarai, amma ƙwayar ta zauna a cikinsa shekaru, yana ba wasu bai sani ba. In ciwon ya sake kama Maijidda da ƙarfi, hanji na iya hujewa. Sannan ya tambaye ni inda ta je kamar mako biyu kafin zazzaɓin ya fara.

Na buɗe baki zan ce Bungudu, sai na tuna rabonta da garin wata bakwai. 'Yandoto muka je, wajen mahaifiyata. Wancan karon ma haka aka yi. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya.

Duk wanda ya san Inna Hajjo ya san tsafta. Tsakar gidanta sau uku ake share shi, tukunyarta kana ganin fuskarka a jiki. Mata a unguwa da ita suke yi wa 'ya'yansu gori. Amma na tuna shekara uku baya ta yi wani dogon zazzaɓi da ciwon ciki, aka ce shawara ce, ta sha jiƙo ta miƙe.

Da aka sallami Maijidda na tafi 'Yandoto ni kaɗai, na zauna ina kallo kamar baƙuwa. Bayan azahar Asiya, matar wana, ta kawo tuwo, ta kawo farin kwanon nan mai jan baki da ruwa a ciki. Tun ina yarinya na san dokarsa. Babba ne zai fara tsoma hannu, sai mai bi masa, a haka har kan ƙarami. Yaron da ya riga babba ya sha ranƙwashi. Inna ta wanke, Asiya ta wanke, na wanke, yaran gidan suka bi. Kafin kwanon ya kai ƙarshen tabarma ruwan ya yi fari-fari. Nan ne mazaunin Maijidda, don ita ce ƙarama a jikoki. Kuma in ta gama tsoma hannu, Inna takan jawo ta, ta mulmula lomar farko ta sa mata a baki.

Sau dubu na ga wannan, ban taɓa ganin komai a ciki ba sai tarbiyya.

Ban iya lallashi ba, halina ke nan. Da muka keɓe na zayyane mata duk abin da likita ya ce, ban rage ko kalma ba. Ta saurare ni har na gama.

"Huseina," ta ce, "ni ta ƙazamar ke nan?"

"Inna, ba ƙazanta na ce ba. Abu ne da ba a gani."

"Ku bakwai na raina da kwanon ga. Wa ya mutu? Kun tahi birni kun koyo raini, yanzu hannuna kuka ƙyama."

Na so in ba ta haƙuri, amma bakina ya riga ni. Na ce in ba a bar kwanon ba, Maijidda ba za ta ƙara cin abinci a gidan nan ba. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta hau share inda babu datti.

Wata huɗu ba mu je ba. Maijidda ta mayar da jikinta, ta koma makaranta, amma kullum sai ta tambayi ƙawarta, don haka ita da Inna suke kiran juna. Mahadi, wanda na zagi garinsu a banza, shi ne ya ce mu je gaisuwar Sallah. Na shirya, na zuba wa yarinyar shinkafa a kula na rufe. Na san zuwa gidan uwa da abincinka cin fuska ne, amma na ga ɗiyata a gadon asibiti.

Inna ta ga kular tun daga ƙofa. Da lokacin abinci ya yi, Asiya ta taho da farin kwanon kamar kullum.

"Mai da shi," in ji Inna. "Kawo buta da sabulu."

Ta miƙe da kyar, ta wuce ni, ta wuce Asiya, ta wuce yaran, ta je ƙarshen tabarma ta durƙusa gaban Maijidda. Ta ce ta miƙo hannu a kan ƙasa. Ta zuba mata ruwa, yarinyar tana cuɗa sabulu tana dariya, don ba ta taɓa ganin babba yana yi wa ƙarami haka ba. Inna ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Ita ce ƙarshe, ni na zuba mata. Ta daɗe tana cuɗawa, har tsakanin yatsu, ba ta dube ni ba.

"Bayan Sallah ki kai ni Gusau a auna ni," ta ce a hankali. "In akwai magani, a ba ni."

Na tura kular bayana. Muka zauna. Inna ta gutsuri tuwo ta mulmula, ta dangwali miya. Maijidda ta matso jikinta ta buɗe baki tana jira, kamar yadda ta saba. Hannun Inna ya taho har rabin hanya, ya tsaya.

"Ci da hannunki, ƙawata," ta ce. "Naki ya hi nawa kyau."

Inna ta kai lomar nata bakin, ta daɗe ba ta haɗiye ba.