Faranti na Huɗu

Motar Orval Tackett ta fi shekara goma tana tsaye da ƙafa uku. Ford ce ƙirar shekarar alif ɗari tara da talatin da biyu, marar rufi, baƙa wuluk, ƙafarta ta baya ta hagu tana ɗore a kan jak a garejinsa da ke bayan garin Bakersfield. Ba inji ne ya kafe ta ba, don duk Lahadi sai ya tashe shi, karnukan unguwa su yi ta haushi. Faranti ɗaya ne rak. Rim ɗin motar, ƙarafan da ake sa taya a kai, wani ɗan gidan zubin ƙarfe ne ya ƙera su tun Orval yana saurayi, kuma ramukansu ba su dace da ƙafar kowace mota ba, sai an sa farantin ƙarfe a tsakani: a ɗaure faranti a ƙafa, a ɗaure rim a faranti. Huɗu ya saya tare da rim ɗin. Ɗaya ya tsage, gidan zubin kuwa ya daɗe da mutuwa, mai shi ma haka.

Sai ga 'yarsa Shawna ta zo daga Reno da magana mai nauyi. Cutar yanar ido ta cinye wa Orval ido ɗaya, hannunsa ya fara rawa, sau biyu ana tsintarsa a ƙasa. Za a sayar da gidan, ya koma wurinta kafin zafi ya shigo.

"Motar fa?" in ji Orval.

"Baba, motar da ba ta motsi?"

"In ta motsa fa?"

Ta dubi jak ɗin da ya yi tsatsa, ta yi ajiyar zuciya. "In ta fita daga garejin nan da ƙafarta huɗu, mu tafi da ita. In ba haka ba, a sayar wa masu kwancewa."

Masu kwancewa! Orval ya san su sarai. Wannan ya ɗauki inji, wancan ya ɗauki jiki, fitilu su tafi wata jiha. Mahauta ne kawai da ba su riƙe wuƙa. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Abokinsa Chuy Barragán, wanda suka yi tsere tare a busasshen tafki tun suna da gashi, shi ke tuƙa shi kasuwannin tsofaffin kayan mota. Kuma bakin Chuy ba ya hutawa.

"Kai tsoho, taurin kan nan naka ko guduma sai ta yi kuka. Akwai shago a kan titin Union, ka kai musu ɗaya, injinsu mai kwamfuta ya yanko maka irinsa sak. Ko ka canja rim ɗin gaba ɗaya mu huta."

"In sa wa motata abin da kwamfuta ta haifa? Gara in sa mata ƙafar keken jarirai."

"To wa zai gani? A bayan rim yake!"

"Ni zan gani."

"Da wane idon, don Allah?"

Orval bai yi dariya ba. A wurin masu irin waɗannan tsofaffin motoci abin da ba tsoho ba ne, kuma ba hannunka ya gyara ba, ba naka ba ne, aro ka yi. Wauta ce, ba shakka, amma wautar da suka rayu a kanta, kuma ita kaɗai ta rage wa Orval da ba a ƙwace ba.

A kasuwar Turlock aka dace. Tunda ido ya ƙi, da hannu yake lalube cikin akwatuna. A ƙasan wani bokiti, ƙarƙashin tulin tsofaffin kabureta, yatsunsa suka taɓa gefe mai ɗan tudu da ya sani kamar haƙoran bakinsa. Ya zaro shi, ya share da riga, ya yi ta shafa shi har mai kayan ya tambaye shi ko lafiya.

"Shi ne?" in ji Chuy, ya ajiye burito ɗin da yake ci.

"Shi ne. Sai dai ramukan ciki na ƙafar motar Chevy ne. Zan huda sababbi guda biyar a tsakaninsu."

"Bari in huda maka gobe, hannuna bai kai naka rawa ba."

"Ka taɓa shi in karya maka yatsa."

A hanya ya rungume farantin a ƙirji, ya ji kamar ya fi 'yan uwansa rashin nauyi, ya ce a ransa ai tsatsa ce ta ci. A nan ya yi kuskuren. Duk wanda ya girma a cikin sana'ar nan ya san cewa gidajen zubi na da sukan yi wasu kaya da alminiyum, wasu da magniziyam, kamanninsu ɗaya, kuma kafin ka kai tsohon ƙarfe bakin inji sai ka ɗiga masa binega, ruwan tsamin nan: in ya yi kumfa magniziyam ne, ka bi shi a hankali, don ɓarɓashinsa da ya ji zafi wuta yake kamawa. Orval da kansa ya koya wa rabin garin wannan. Amma ukun da ke jikin motar alminiyum ne, ga murna, ga lokaci yana ƙurewa, kuma sauri shi ya haifi nawa.

Washegari da hantsi, kafin Chuy ya iso, ya ɗaure farantin a injin huda. Ya auna, ya sake aunawa da gilashin ƙara girma, ya buga alama. Rami na farko ya fita tsaf. Na biyu ma haka. Har ya fara 'yar waƙa. A na uku bakin injin ya dakushe, maimakon ya tsaya ya wasa, sai ya danna da ƙarfi. Ɓarɓashin da ya taru a kan tebur ya yi tartsatsi, ya kama da farar wuta mai kashe ido.

Kansa ya san yashi ake zubawa. Hannunsa ne bai jira kansa ba. Ya wawuri bokitin ruwa ya watsa, wutar ta yi tsalle da ƙara har rufi, ta jefar da shi a ƙasa.

Chuy ne ya shigo a guje, yana zagi da harshe biyu, ya juye buhun yashi a kai, ya ja abokinsa waje da wuyan riga. Motar ba abin da ya same ta. Orval girarsa ce ta tafi, da fatar bayan hannu. Da abin ya huce Chuy ya tono farantin daga cikin yashi: gefe guda ya narke ya lanƙwashe, ramukan nan biyu masu kyau suna nan a ɗaya gefen.

"Ruwa, Orval? Kai? A kan magniziyam?"

Orval ya kau da kai. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ta fi ƙuna zafi.

Shawna ta iso da yamma, ta same shi zaune a bakin gareji, hannu a naɗe, Chuy a gefensa. Ta ga baƙin da hayaƙi ya yi wa rufi, ta ga fuskar ubanta ba gira, ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

Orval ne ya fara magana, kansa a sunkuye. Abin da bai taɓa zaton bakinsa zai furta ba ya faɗa.

"Chuy, gobe ka kai musu ɗaya a titin Union ɗin. Su yanko da kwamfutar tasu. Na yarda." Ya juyo wajen 'yarsa. "Za ta fita da ƙafa huɗu, 'yar nan. Ki ƙara mini ɗan lokaci kawai."

Shawna ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa.

"Baba, ba gareji a can. Bene ne, hawa na uku. Ko ni a bakin titi nake ajiye tawa." Ta share hanci. "Shekara goma kana nema ba ka samu ba. Wallahi ban taɓa zaton za ka samu ba, shi ya sa na yi maka alkawarin."

Chuy ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ido. Orval ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin abin da dama ba zai saya ba. Bai yi fushi ba, ya nemi fushin ma a ransa bai samu ba.

"Chuy," ya ce, "in masu kwancewar sun zo, ka ɗauke ni mu je shan kofi. Wuri mai nisa."