Kibiyar da Ta Ƙwace wa Auta

Sharaɗin Yaya ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi ba: in Auta zai ci gaba da riƙe Baba a gidansa, to lokacin ba shi abinci ba lokacin kwamfuta ba ne. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, haɗiya ta zama masa aiki. Loma ɗaya ta kuskure hanya, sai asibiti. In Auta ya kasa, ta ce, za ta tafi da tsohon gidanta, can inda sai an wuni a mota kafin a gan shi.

Auta ya rantse har da dafa ƙirji. Sana'arsa saye da sayar da kuɗin ƙasashe ce ta intanet, a kan wata babbar kwamfuta da ke ɗakin aikinsa. To amma mutumin naku ba ya rasa dabara. Ya haɗa wayarsa da kwamfutar, yadda daga ko'ina cikin gidan zai ga fuskarta, ya kuma juya kibiyarta, 'yar alamar nan mai yawo a kan fuskar, da ɗan yatsa.

Ranar da Yaya ta zo duba su, akwai cinikin da ya buɗe tun safe bai rufe ba. Ya zauna a bakin gadon Baba, kwano a cinya, waya a laɓe bayan kwanon. In ya miƙa cokali, sai ya saci kallo. Farashi sai gangarowa yake.

"Buɗe, Baba. Yawwa. A hankali."

Jan layin da ke nuna farashin ya sake zamewa ƙasa. Ya ja kibiyar zuwa wajen rufe ciniki, ya fasa, ya dawo, ya sake fasawa. Wai ko zai juyo.

Sai kibiyar ta ƙwace masa. Ta bar yatsansa ta nufi kusurwa ita kaɗai. Ya jawo ta, ta koma. Gumi ya keto masa. Ɓarayin intanet ne suka fara faɗo masa a rai, ya tuna kalmar sirrin da kullum yake cewa gobe zai canza. Tsoro ya kama shi sosai.

Kibiyar ta yi zagaye a hankali, irin na wanda bai saba riƙe linzamin kwamfuta ba, sannan ta tsaya cak. A nan ne ya tuna. Ya bar fuskar kwamfutar a kunne, ƙofa a buɗe, kuma ɗazu Yaya ta ce za ta shiga ta ɗauko caja. Duk kai-komon da yatsansa ya yi a nan, can ana kallonsa ɓaro-ɓaro. Da ɓarayin ne ma, da ya fi masa sauƙi.

Ya ɗaga kai. Cokalin na hannunsa a tsaye, abincin ya huce. Baba na kallonsa, baki a buɗe yana jira, ko tun yaushe Allah kaɗai ya sani.

Takunta ya iso bakin ƙofa.

"Yaya, wallahi ɗan dubawa kawai na…"

"Ba ni kwanon, Auta."

Ya miƙa mata. Ta zauna inda ya tashi, ta goge wa Baba gefen baki da bakin mayafinta, ta ɗebo rabin cokali. Ba ta ko dube shi ba ta ce, "Ina ka ajiye babban akwatin Baba?"